Gyara tsohuwar ko musaya da ciko? Lissafin da ya kamata a yi kafin a kira dillali

Wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke hana mutum sakat tun hantsi, na tarar da yayana zaune a kan benci ƙarƙashin bedi a garejin da muke kai motocinmu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Motarsa Peugeot 406, ƙirar Kaduna, tana gefe an ɗaga bonet, an kwance kan inji an ajiye a kan kwali. Ranar Juma'a ta tafasa masa a hanyar Daura, ya wuce Mashi kaɗan, ga iyali a ciki. Gaskit ya ƙone, lagireto ya tsage, kan injin ma sai an kai an goge. Bakanike ya lissafa kaya da kuɗin aiki, ya ce naira dubu 380.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kai, nemo mini dillali. Na gaji. Gara in ba da ita in yi ciko in huta."

Na ce, "Yaya, a bari a sha ruwa tukuna. Wa ka taɓa gani ya yi ciniki mai kyau da kan inji a ƙasa?"

Bakaniken, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana taɓa motar gidanmu, bai ɗago daga abin da yake wankewa da fetur ba, ya ce, "Malam, bodin nan ko tsatsa babu. In ka sayar da ita yau, gobe ni za a kawo wa in haɗa, wani ya more ta."

Yawancin motocin da ake rabuwa da su a garin nan a irin wannan benci ake yanke musu hukunci, cikin zafin rai, da takardar kuɗin gyara a hannu. Mutum yana kwatanta dubu 380 da za su fita daga aljihunsa yau da kwanciyar hankalin da yake tsammanin samu a wata motar da ko ganinta bai yi ba. Wannan ba kwatanci ba ne. Abin da ya kamata a ɗora a sikeli shi ne kuɗin da tsohuwar za ta ci a shekara biyu ko uku masu zuwa, a ɗaya ɓangaren kuma cikon da za a bayar, haɗe da duk abin da sabuwar za ta ci a daidai wannan lokacin. Da muka zauna da yayana muka yi wannan lissafin a bayan wani rasit, sai maganar ta sauya kama.

Shekarun baya musaya ba ta da wannan nauyin. Daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu a gidajen man Arewa. A watan Yunin 2023 ɗin aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a watan Fabrairun 2024. Motar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, da dala ake sayo ta, da dala ake biyan jirgin ruwa, kuɗin fito ma kwastan da farashin dala suke lissafa shi. Da Beljiyam ta tashi, ta hannu ta bi ta. Mutane suna murna wai motarsu ta ƙara kuɗi, kuma gaskiya ne, sai dai wadda suke so ta fi ta tashi a naira. Idan taka tana miliyan 2, wadda kake hange tana miliyan 5, tazarar miliyan 3 ce. Duka biyun su ninka, tazarar ta koma miliyan 6. Cikon ne ke fita daga aljihunka, ba darajar da ake faɗa maka a baki ba.

Shi kansa cikon yana da ciki. Dillalin da yayana ya kira washegari ya zagaya motar sau biyu, ya buga taya da ƙafa, ya ce zai ba shi Corolla 2008 ta hannu, ya kawo miliyan 4 a kai. Lamba ɗaya ya faɗa, kuma a nan dabarar take. A musaya ciniki biyu ake ƙullawa a igiya ɗaya: yana sayen taka, yana sayar maka da tasa, kuma a kowanne yana da riba. Wannan ba laifi ba ne, sana'arsa ke nan, shi ma zai gyara taka, ya ajiye ta wata ɗaya ko uku kafin mai saye ya zo. Amma kai ka kwance igiyar. Ka tambaye shi: in kuɗi hannu na zo da su, nawa za ka sallama taka? In kuma sayar maka da tawa kawai zan yi, nawa za ka saya? Da aka yi masa haka, sai ta fito fili cewa ya yi wa 406 ɗin kuɗi miliyan 2, Corollar miliyan 6. Alhali da an haɗa injin an wanke ta, ko a cikin abokan aikin yayana akwai wanda zai ba da fiye da haka nesa ba kusa ba. Motar da aka kwance, kuɗin gwangwan ake fara taya ta. Wanda ya sayar da kansa ya fi samu, sai dai zai biya la'ada in ya bi ta hannun dillali, zai jure masu zuwa su taya su tafi, kuma zai yi kwanaki yana hawa Keke Napep kafin ya sami wata.

Sannan babu motar da ake saya a hau kawai. Ko daga ina ta fito, watan farko sai ta ci kuɗi. Za ka juye baƙin mai da man giya don ba ka san yaushe aka yi na ƙarshe ba. Za ka duba taya: a jikin kowace akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma sau da yawa za ka tarar ta daɗe da tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Tayar da aka yi don ƙanƙarar Kanada ba ta jure kwaltar Kankiya da azahar. Ga batir, ga gas ɗin AC, ga bel in injin mai bel ne. Ga takardun canjin mallaka, ga lamba in Beljiyam ce, ga inshora, wadda tun farkon 2023 mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira dubu 5 zuwa dubu 15, cikakkiyar kuwa ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara. Mun sa wa wannan duka dubu 500 a lissafinmu, kuma ba mu yi tsauri ba. Cikon miliyan 4 ya zama miliyan 4 da rabi.

Daga nan muka juya kan tsohuwar, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Yayana ya rantse motar tana cinye masa albashi. Na ce mu lissafa abin da ta ci a wata goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya. Taya biyu, batir, juye sau huɗu, birki gaba da baya, fulogi: wajen dubu 300. Shokozoba, bushin, famfon mai, gyaran kik: wajen dubu 220. Kashin farko ba laifin tsufa ba ne. Kowace mota a duniya tana cin taya da batir da baƙin mai, Corollar ma za ta ci, babbar mota mai faffaɗar taya ta fi ci. Bai kamata a sa su a sikeli ba sam, tunda suna kowane ɓangare. Abin da tsufa ya jawo shi ne dubu 220, sai a haɗa da wannan babban gyaran na dubu 380. Dubu 600 ke nan, a shekarar da ta fi kowace muni tun da ya sayi motar. Ita kuma Corollar da ake masa tayi ba amarya ba ce, ta haura shekara goma sha biyar a duniya, tana da nata bushin da nata famfon da za su gaji.

Gyara iri-iri ne, kuma girman kuɗinsa ba shi ne ke nuna haɗarinsa ba. Akwai mai tsada amma mai iyaka: inji ya buga, giya ta mutu, kuloci ya ƙare, kwamfiresa ta tsaya. Za ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko ka aika Ladipo a Legas, a kawo na Beljiyam a ɗora, ka biya ka ji zafi, shi ke nan an wuce wurin na wasu shekaru. Injin Corolla ko na Camry ko na Honda, duk da tsadarsa, galibi bai kai rabin cikon wata motar ba. Mutane suna jin an ce "sai an sauke inji" su firgita, alhali inji abu ne da ake kwancewa da sufana a mayar da wani.

Wanda ya kamata ya firgita mutum shi ne gyaran da ba shi da gindi. Cesis da ya lanƙwashe a haɗari, aka ja shi da sarƙa aka shafe da fenti: motar za ta riƙa cin taya gefe ɗaya, tana jan sitiyari, kuma duk saitin da aka yi mata kwana biyu ne. Tsatsar da ta ci ƙasan mota har ta kai inda ƙafafu ke kamawa. Wayoyin da hannu goma suka shiga, kowa ya yanke ya ƙulla ya naɗe da salatif, yau fitila ta ɗauke, gobe mota ta mutu a tsakiyar shataletale, a sa kwamfuta ta nuna abu biyar, a canja uku matsalar tana nan. Motar da ruwa ya taɓa shanyewa ita ma haka take. Irin waɗannan ba a gama biyansu. In bakanike biyu masu gaskiya sun duba kowa ya faɗi abu daban, kuma ka koma kan matsala ɗaya sau uku a wata shida, to wannan motar ta gama yi maka aiki, ko da kuɗin kowane zuwa bai taka kara ya karya ba.

A nan mu mutanen Katsina da Daura muna da sa'a ɗaya da ba mu cika lura da ita ba. Ƙasarmu busasshiya ce. Motar da ta yi rayuwarta a nan, rana za ta ƙona mata fenti, ta fasa dashbod, ta busar da robobi, ƙurar hunturu ta toshe mata matatar iska, amma ƙarfenta yana nan garau. Wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal, ko ta fito daga jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara inda ake zuba gishiri a titi, sai ka durƙusa ka leƙa ƙasanta da tocila kafin ka san abin da ake sayar maka. Mutum yana iya ba da bodi lafiyayye mai ƙonannen fenti ya karɓo ruɓaɓɓe mai sheƙi, har da ciko.

Tafasar da ta kai motar yayana ƙasa ma tana da tarihi, kuma tarihin motoci da yawa ne a garin nan. Shekaru da suka wuce, a wata tafiya, wani bakanike a bakin hanya ya cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka dairek, ya ce ai wannan na ƙasar sanyi ne. Tun daga nan ruwan rijiya ake ɗura mata maimakon ruwan sanyaya inji na gwangwani. Ruwan rijiya yana barin ƙasa da tsatsa a cikin lagireto har hanyoyinsa su toshe. Fankar da ke gudu dare da rana tana gajiya ta mutu ba sanarwa. Injin da ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai yana ƙara shan mai, tunda kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur. Abin da ya faru a hanyar Mashi ke nan: fanka ta tsaya, lagireto a toshe, allura ta haye, kafin ya lura gaskit ya tafi. Ba shekarun motar ne suka kayar da ita ba. Kuma in ya karɓi wata ya yi mata irin wannan riƙon, a watan Afrilu na wata shekarar zai sake zama a kan bencin nan.

Sai maganar mai, wadda ita ce hujjar kowa yanzu. Yayana yana zuwa Daura duk mako gaida Hajiya, kilomita kusan 80 zuwa, 80 dawowa, ga zirga-zirgar makaranta da kasuwa. A wata yana cin wajen kilomita 1,200. Mu ɗauka lita naira dubu ce don sauƙin lissafi. In tasa tana shan lita 10 a kilomita 100, Corollar tana shan 8 da rabi, bambancin lita 18 ne a wata, naira dubu 18, a shekara dubu 216. Ko an ƙara da cewa Corollar za ta rage masa rabin kuɗin gyaran waccan muguwar shekarar, dubu 300, abin da zai tsira da shi bai fi dubu 516 ba. Raba miliyan 4 da rabi da wannan: kusan shekara tara kafin cikon ya dawo. Kafin nan ita ma Corollar ta zama abin da 406 take a yau.

Amma lissafin mai yana juyawa gaba ɗaya in tsohuwar mai silinda shida ce. Wannan na san shi a jikina. Kafin a cire tallafi na ba da ƙaramar motata na yi ciko na karɓi wata babba mai silinda shida, don tana da faɗi kuma tana da daɗi a hanyar Kano. Lokacin lita ba ta kai 200 ba, ban ko kawo shan manta a raina ba. Da farashi ya tashi sai ta koma kwana a gida, ina fita da babur. Tsakanin mai shan lita 12 da rabi da mai shan 8 da rabi, a tafiyar kilomita 1,200, lita 48 ce a wata, dubu 576 a shekara. Kuma wanda zai sauko daga babba zuwa ƙarama ba ya ba da ciko mai yawa, wani lokacin ma kai-da-kai ake yi. Na sauko, kuma ita ce musayar da ban taɓa nadamarta ba. Masu ba da shawarar a mayar da babbar mota mai amfani da iskar gas suna da hujja, sai dai kafin ka sa tukunya a but, ka tabbata akwai inda za ka riƙa ɗurawa a hanyar da kake bi kullum, ba sai ka yi tafiya ta musamman ba.

Wanda kuma yake hangen ya tsallake zuwa ƙirar baya-bayan nan, ya san cewa riƙonta daban ne. Yawancin Corolla daga 2014, da Accord mai silinda huɗu daga 2013, suna zuwa da giyar da ake kira CVT, wadda ke da nata man na musamman. A zuba mata man giya na gama-gari, an kashe ta, kuma ba kowane gareji ne ke iya buɗe ta ba. Injinansu siririn baƙin mai suke so, irin 0W-20 ko 5W-20, ba mai kaurin 20W-50 da aka saba ɗura wa kowace mota ba, kuma na gaskiyarsa yana da tsada, jabunsa ya cika kasuwa. Fitilar gaba ɗaya ta irin waɗannan motocin tana iya cin kuɗin da zai yi wa tsohuwar Camry gyaran ƙafa gaba ɗaya. Ko a cikin tsofaffin ma kowace da halinta. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 an san da yawansu da shan baƙin mai. Honda Accord, irin waɗanda ake wa laƙabi da EOD da DC, in aka yi sakaci da boljoyin sai ta cire ƙafa. 406 mai giyar otomatik ta fi mai giyar hannu rigima, kuma bel ɗinta in ya tsinke yana tafiya da bawul. Taka ka riga ka san halinta, ka san ƙarar da take yi da safe da abin da take nufi. Ta dillali sai ka zauna da ita wata shida kafin ta gaya maka nata.

Takardu kuwa, mu da muke bakin iyaka mun fi kowa sanin zafinsu. Tun farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma tsakanin Jibiya da Kwangwalam ba a rasa motar da ta shigo ta bayan gida, aka yi mata takardun da ba su da asali. Za ta yi maka araha, ta yi shekara tana yawo cikin gari lafiya, ranar da ka nufi Kaduna ko Abuja a tare ka a hanya. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka kai takardun ofishin kwastan a tabbatar da su, ka gwada lambar cesis mai harufa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke takarda. Da wannan lambar ake binciko tarihin motar Amurka a intanet, a ga ko gwanjon haɗari ce ko ta ambaliya, a ga ainihin tafiyar da ta yi, don mayar da mita baya ba wuya gare shi ba. Tsohuwarka mai sahihan takardu tana da wata daraja da dillali ba zai taɓa sa mata kuɗi ba.

Duk da haka akwai mutanen da zan ce musu su yi musaya ko da lissafin naira bai goyi baya ba. Na farko shi ne wanda aikinsa ke kai shi inda tsayawa a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Malamin asibiti ko na makaranta ko ɗan kasuwa da ke bin yankin Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara ko Faskari ya san abin da nake nufi. Motar da za ta mutu maka a Ƙofar Ƙaura ka tura ta gefe ka kira bakanike, ba daidai take da wadda za ta mutu maka a daji da la'asar sakaliya ba. In zuciyarka ba ta natsu da motar ba a irin wannan hanyar, wannan kaɗai ya isa dalili. Na biyu direban haya, mai Golf ko Sharon da ke lodin Kano ko Funtuwa. Shi duk ranar da mota ta kwana a gareji asara biyu ya yi, kuɗin gyara da kuɗin da bai samo ba, don haka sai ya lissafa kwanakin zama kamar yadda yake lissafa kayan gyara. Na uku wanda kayan motarsa suka fara ɓacewa a kasuwa, sai an jira mako biyu ana cigiya. Na huɗu wanda iyali suka yi wa motar yawa, ana ɗora yara a cinya a doguwar tafiya.

Kariya a lokacin haɗari ma hujja ce ta gaske. Motocin da aka sayar a Amurka daga ƙirar 2012 dole ne su zo da na'urar da ke hana mota kwacewa a kwana ko a santsi, ga jakunkunan iska na gefe da tsofaffi da yawa ba su da su. Amma wannan amfanin yana nan ne kawai in jakar tana ciki. Motocin gwanjon haɗari da yawa jakarsu ta riga ta fashe, aka ɗinke murfin aka kashe fitilar gargaɗin. Ka kunna makulli ka duba: fitilar jakar iska ta kamata ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta.

Inda cikon zai fito shi ne abin da ya fi damuna. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuwa ya fi haka, ga kuma matsalar riba ga mai kiyaye addininsa. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna yin murabaha, su sayi motar su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya a hankali. Ta fuskar shari'a an sami mafita, amma ribar nan kuɗi ce, sai ta shiga sikeli, kuma wata-wata za a riƙa cira ko mota tana tafiya ko tana gareji. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sayar da fili ko gona ko shanun kiwo don ya yi ciko. Filin da ke bayan Batagarawa ko hanyar Dutsinma ba ya shan mai, ba ya neman taya, kuma shekara biyar masu zuwa ba za ka iya sayensa da kuɗin motar ba. Yayana da kuɗin takin damina da na makarantar yara zai haɗa, sannan ya ci bashin sauran. Da ya faɗi haka da bakinsa sai ya yi shiru.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili, wato idon mutane. An je ɗaurin aure, sa'o'inka sun jera motoci masu sheƙi, taka fenti ya ƙone, rufin ciki ya sauko. Ba na raina wannan, mutum yana son ya fita kunya. Amma in wannan ne ainihin ciwon, maganinsa yana wajen mai fenti da mai ɗinkin kujera, kuma ba zai kai kashi ɗaya cikin biyar na cikon ba. Mota mai lafiyayyen bodi in aka yi mata fenti na kirki, aka sabunta kujeru, aka wanke fitilu, sai an tambaye ka yaushe ka saya.

In kuma ka auna ka ga rabuwa ce ta fi, to ka faɗi aibinta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma malamai sun yi bayanin cewa mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Zuba mai mai kauri don a ɓoye hayaƙi, ko cire ƙwan fitilar gargaɗi, duk algus ne. Katsina ma ba ta da girman da za ka ɓuya. Wanda ka sayar wa za ku haɗu a masallacin Juma'a ko wajen jana'iza. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa abin da ka faɗa masa a ciki, a kuma canja sunan mallaka, kada wani ya yi ɓarna da mota tana ɗauke da sunanka.

Yayana ya ba da dubu 380 aka haɗa injin. Ya ƙara wasu aka sa sabon tamostat, aka mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta, aka canja bel da famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin, aka zuba ruwan gwangwani. Ya sayi ƙaramin littafi ya ajiye a aljihun mota yana rubuta duk abin da ya kashe da ranar da ya kashe shi. Ya shiga adashin dubu 50 a wata a wajen aikinsu da sunan mota, ko ta gyara ko ta gaba. Kuma ya gindaya wa kansa sharaɗi a gabana da gaban bakanike: in ta sake tafasa kafin zafin baɗi ya wuce, ko waya ta fara yi masa wasa, zai gyara ta ya sayar da hannunsa tana tafiya, ya nemi ƙarama mai silinda huɗu.

Juma'ar da ta biyo baya na raka shi Daura. Mun fita bayan an sauko daga masallaci, rana tana tsakiyar kai, AC a kunne. Daga Katsina har Mashi idonsa yana kan allurar zafi fiye da yadda yake kan hanya. Daidai inda ta tsaya masa wancan makon ya rage gudu, ya nuna mini bishiyar da iyali suka fake a ƙarƙashinta, ya sake duban allurar. Tana tsakiya. Muka wuce Shargalle, kafin la'asar muna ƙofar gidan Hajiya.